Wane yashi da wane dutse ya dace da tankin kifin siklid na Afirka?

Tambaya: Na sayi tankin gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, ina son in zuba kifin siklid na Afirka. Wasu sun ce in shimfiɗa tsakuwa, wasu sun ce dole sai farin yashin murjani saboda pH. Duwatsu kuma, zan iya tsinto na bakin rafi ko sai na saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka sa hannu a aljihu akwai abin da ba ka faɗa ba, kuma shi ne zai yanke komai: wane siklid kake nufi? Sunan nan "siklid na Afirka" ya tattara kifaye ɗaruruwa da ba su da hali ɗaya. Karfasa ma ɗan wannan dangi ne. Amma waɗanda masu kiwon kifin ado suke nufi galibi sun fito ne daga manyan tafkuna uku na gabashin Afirka, wato Malawi, Tanganyika da Biktoriya. Tafkin Malawi kaɗai yana da nau'o'in siklid sama da 700, kuma kusan dukansu babu su a ko'ina a duniya sai can. Tanganyika, wanda zurfinsa ya kai mita 1,470, yana da kimanin 250. A cikin tafki ɗaya akwai kifin da bai taɓa rabuwa da jikin dutse ba tun da aka ƙyanƙyashe shi, akwai wanda rayuwarsa gaba ɗaya a kan shimfiɗar yashi take, akwai kuma wanda gidansa bai wuce ƙoƙon katantanwa guda ba. Don haka abin da za ka zuba a ƙasan tanki, bakin kifin da ɗabi'arsa ne za su zaɓa maka shi, idonka ya biyo baya.

Yawancin masu farawa da mbuna suke farawa, kifayen duwatsun Malawi, irin su Labidochromis caeruleus mai launin rawaya da dangin zebra. Yawancin mbuna suna wuni suna kankarar gansakukar da ke jikin duwatsu, kowane namiji ya kama ramin da ya ce nasa ne yana gadi. Sai Aulonocara, waɗanda ake wa laƙabi da ɗawisu saboda launinsu. Su a iyakar dutse da yashi suke zama. Za ka ga kifin ya tsaya cik a saman yashi kamar ya manta da kansa, alhali sauraro yake yi: akwai ƙananan kafofi a haɓarsa da yake jin motsin ƙwari a ƙarƙashin yashi da su, da ya ji sai ya caka baki ya cafko. A Tanganyika kuma akwai Tropheus masu kiwon gansakuka, da Julidochromis masu bin tsagar dutse, da Xenotilapia masu tace yashi, da ƙananan Neolamprologus multifasciatus masu zama a ƙoƙon katantanwa.

Banda guda ɗaya da nake so ka riƙe: siklid na kogunan Afirka ta Yamma, kamar Pelvicachromis pulcher da ake kira kiribensis, ɗan kudancin Najeriya da Kamaru, ba ya cikin wannan lissafi. Ruwansa mai laushi ne, wato mai ƙarancin ma'adinai, kuma pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, bai cika wuce 7 ba. Idan shi kake nufi, ka nisanci murjani da dutsen farar ƙasa. Sauran bayanina na kifayen tafkunan ne.

Tsakanin tsakuwa da yashi, ni ba na kokwanto: yashi. Ka zauna gaban tanki ka kalli siklid na minti goma za ka ga dalili. Yakan cika bakinsa da yashi, ya juya shi, ya tsince abin ci, sannan ya fesar da sauran ta baki ko ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai. Namiji idan lokacin aure ya yi, yakan haƙa kwano a ƙasa, baki bayan baki, ya kai yashin gefe ya tofar, har ya share wurin da mace za ta zuba ƙwai. A tafkin Malawi akwai mazan da ke tara yashi su gina tudu mai kwano a samansa don jawo mace, wasu a Tanganyika suna yin irin wannan. Kifin da aka halitta da wannan aiki, idan ka shimfiɗa masa tsakuwa mai girman ƙwayar masara, ba zai daina ƙoƙari ba. Zai ɗauka, ya kurje leɓe, wani lokaci ƙwaya ta maƙale masa a baki. Ban da haka, tsakuwa tana da gurabe a tsakaninta, kashin kifi da ragowar abinci su faɗa ciki su ruɓe inda ido ba ya gani. A kan yashi kuwa datti a sama yake zama, ka gan shi, ka zuƙe da tiyo, ko igiyar ruwa ta kai shi bakin matata. Mbuna za su iya rayuwa a kan tsakuwa, mutane da yawa sun yi hakan, amma ba za ka ga rabin halayensu ba. Aulonocara da Xenotilapia kuwa, hana su yashi zalunci ne.

To wane yashi? Girman ƙwayar ya fi launi da suna muhimmanci. Ka nemi wanda ƙwayarsa ke tsakanin rabin milimita zuwa milimita 1, mai santsi, wanda idan ka murza shi a tafin hannu ba ya cizo. Yashin da ake zubawa a matatar ruwan wurin ninƙaya shi na fi so a wannan aiki. Ƙwayarsa kusan girma ɗaya ce, wajen rabin milimita, an riga an tace shi, yana da nauyin da idan kifi ya fesar sai ya sauka nan take, kuma ba ya canza ruwa ko kaɗan domin na silika ne. Rairayi mai laushi irin na wasan yara yana da daɗin baki ga kifi, amma ƙurarsa yawa gare ta, yana danƙarewa, kuma yana tashi ya shiga famfon matata ya cinye farfela. Yashin gini yakan zo da laka da abin da ba ka san asalinsa ba. Baƙin yashin da ake goge ƙarfe da shi yana da arha da kyan gani, sai dai ƙwayarsa mai kaifi ce, ba zan sa wa kifin da ke tace yashi ta kafofin numfashi ba. Na bakin teku kuma yana ɗauke da gishiri da matattun halittu, wahalar wanke shi ta fi amfaninsa.

Yanzu maganar murjani da pH, wadda ita ce ta fi rikita mutane. Gaskiya ne ruwan waɗannan tafkuna ya karkata ɓangaren kanwa. Na Malawi yana tsakanin 7.7 da 8.6, na Tanganyika ya fi haka, yakan kai wajen 9, kuma ya fi nauyin ma'adinai nesa ba kusa ba. Gaskiya ne kuma dakakken murjani da yashin aragonayit, waɗanda asalinsu sinadarin alli ne, suna narkewa a hankali su ɗaga pH. Inda aka yi kuskure shi ne zaton cewa da zarar ka shimfiɗa su, an gama da maganar ruwa. Sinadarin alli yana narkewa ne sosai idan ruwa yana da tsami. Da pH ya kusanci 8, narkewar ta yi rauni ƙwarai. Bayan 'yan watanni kuma yauƙin ƙwayoyin halitta ya lulluɓe ƙwayar yashin, sannan yashin da ke kwance a ƙasa ruwa ba ya ratsa shi da ƙarfi. Kai kuma duk mako za ka canza kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na ruwan, ka zuba sabo daga famfo. Idan ruwan famfonka mai laushi ne, pH zai faɗi ranar canji, ya hau a hankali cikin mako, ya sake faɗuwa. Wannan hawa da sauka ya fi cutar da kifi a kan pH ɗin da ya ɗan gaza amma ya tsaya wuri ɗaya.

Saboda haka ka fara da gwada ruwanka. Ka ɗebi kofi guda daga famfo, ka bar shi ya kwana don iskar da ke ciki ta fita, sannan ka auna pH da KH. KH shi ne ƙarfin ruwa na tare tsami, shi ke hana pH rushewa. Idan ka samu pH 7.6 zuwa sama da KH digiri 6 ko fiye, kifayen Malawi za su zauna lafiya, musamman da yake yawancin na kasuwa a tanki aka haife su, ba su taɓa ganin tafkin ba. Ka sayi yashin silika ka huta. Idan ruwanka mai laushi ne, to murjani yana da amfani, amma wurinsa cikin matata, a ɗaure a jakar raga, inda ruwa ke wucewa ta cikinsa dare da rana, kuma inda za ka iya ƙarawa, ragewa ko sauyawa ba tare da ka tone tanki ba. Sannan ka gyara sabon ruwa kafin ka zuba shi. Bakin soda na girki (sodiyam bikabonet) giram 3 a lita 100 yana ɗaga KH da digiri 1, kuma ba ya kai pH sama da kimanin 8.3 komai yawansa. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, kada ka yi wa kifi tsalle ɗaya. Ga mai kiwon kifayen Tanganyika da ruwa mai laushi, shimfiɗa aragonayit ba laifi ba ne, ƙarin kariya ne, amma ka nemi mai laushin ƙwaya. Dakakken murjani mai manyan ɓaraguzai yana da kaifi, kuma yana tara datti kamar tsakuwa.

Wani abu da ya kamata ka sani tunda muna kan pH: a ruwa mai kanwa, amoniya, dattin da kifi ke fitarwa cikin ruwa, ta fi dafi. Adadin da kifi zai jure a pH 6.8 zai iya kashe shi a 8.2. Don haka kada neman ɗaga pH ya sa ka manta da cewa matata sai ta nuna, wato ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya sun zauna a cikinta, kafin a zuba kifi.

Kaurin yashi kada ya wuce santimita 3 zuwa 5. Ba tsirrai za ka dasa ba, don yawancin waɗannan kifaye tumɓuke su suke yi ko su cinye. Yashi mai zurfi da ba a motsa shi yakan rasa iska a ƙasa, ya yi baƙi, ya tara iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Lissafin naka mai sauƙi ne: 120 sau 45 sau 4, ka raba da 1,000, ya ba ka lita 21.6. Lita ɗaya ta busasshen yashi tana kai kilo 1.5, wato kilo 32 ke nan. Da yake duwatsu za su ci wuri, kilo 25 zai ishe ka. Kuma kada ka wahalar da kanka wajen daidaita shi sumul, cikin mako guda kifayen za su sake fasalinsa yadda suke so, tudu a nan, gilashi tsirara a can.

Wankewa kuwa, ka zuba kashi ɗaya cikin uku na bokiti, ka cusa tiyo har ƙasa, ka riƙa juyawa da hannu ruwa yana malala, har sai ka ga idan ka motsa yashin ruwan ya washe cikin daƙiƙu kaɗan. Aiki ne mai cin rai, amma duk ƙurar da ka wanke a bokiti ka huta da ita a tanki. Ban da sabulu ko omo.

Launi ra'ayi ne, sai dai fari fat yana mayar da hasken fitila sama, wasu kifaye su koɗe, kuma kowane ɗigon kashi a fili yake. Baƙi yana sa wasu su yi duhu. Ruwan ƙasa mai haske, irin na yashin rafi, shi ya fi kama da ƙasan tafkin kuma shi ya fi rufa asiri.

Mu koma dutse. Eh, za ka iya tsintowa, kuma sau da yawa na rafi ya fi na saye dacewa. Mutane suna zaton gaɓar tafkin Malawi cike take da farin dutse mai huji-huji irin wanda ake gani a shagunan kifi. Ba haka ba ne. Manyan mulmulallun duwatsu ne masu tauri, galibi irin giranit, tule a kan juna, gansakuka ta rufe su. Mulmulallen dutsen rafi, giranit ko baƙin basal, ba ya canza ruwa, ba ya yankar kifi idan an kora shi ya kutsa rami da gudu, kuma samansa na da faɗin da gansakuka za ta fito mbuna su yi kiwo. Dutsen farar ƙasa, har da mai hujin nan, yana ɗan ɗaga pH, wanda a tankin nan alheri ne, kuma hujinsa maɓoya ce ga 'ya'yan kifi. Aibinsa, farinsa ba ya daɗewa, kuma kifi mai girma yakan kutsa hujin da ya fi ƙarfinsa ya maƙale. Dutsen aman wuta ba shi da nauyi, yana kama juna da kyau idan an ɗora, amma kaushinsa yana kurje jiki da ido. Falalen dutse mai leɓe-leɓe yana da sauƙin gina ɗakuna, Julidochromis suna son tsagarsa, sai dai ka goge bakinsa da wani dutsen ya dakushe.

Abin gudu shi ne dutse mai jijiyar ƙarfe. Idan ka ga ƙyalli kamar zinariya, ko zanen tsatsa, ko kore mai shuɗi-shuɗi wanda ke nuna jan ƙarfe, ajiye shi. Haka wanda ke marmashewa a hannu, ko wanda aka ɗauko kusa da gonar da ake feshi, bakin kwata, ko inda ake zubar da baƙin mai. Gwajin ruwan khal da ake yawan faɗa, wato ka ɗiga a kan dutse ka ga ko zai yi kumfa, yana nuna maka ko akwai alli a ciki ne kawai. Ga mai kifin ruwa mai laushi wannan gargaɗi ne, a wurinka kuwa kumfa ba matsala ba ce. Idan kana shakkar dutse, jiƙa shi a bokiti mako guda ka ga ko ruwan zai canza launi, ya yi wari ko maiƙo ya taso.

Ka wanke da burushi mai tauri da ruwan zafi. Kada ka dafa dutse a tukunya, kada ka gasa shi. Ruwa ko iskar da ke kulle a cikinsa na iya buɗewa da zafi ya fashe a fuskarka.

Ga wurin da nake so ka fi mai da hankali, domin nan ne ake asarar tanki gaba ɗaya. Dutse ake fara sawa, yashi ya biyo baya. Idan ka shimfiɗa yashi ka ɗora duwatsu a kai, ka gina gida ne a kan abin da kifin zai kwashe. Namijin mbuna wurin da ya fi son haƙa shi ne gindin dutse. Zai yi ta kwasa har dutsen ƙasa ya karkata, na sama ya zame, ya danne kifi ko ya daki gilashi, lita 240 ta malale a ɗaki cikin dare. Don haka duwatsun tushe su zauna daram a ƙasan tanki tun yana busasshe. Ka shimfiɗa musu wani abu a ƙarƙashi, ragar roba mai gida-gida ko siririn farantin roba, don kada tsinin dutse ya tara nauyinsa duka a ɗigo ɗaya na gilashi. Gilashin ƙasa yana ɗaukar nauyi mai yawa idan an baza shi, abin da ke fasa shi tsini ne da faɗuwa. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowane dutse ya taɓa na ƙarƙashinsa a wuri uku. Bayan ka ɗora, ka tura shi da yatsa ta kowane gefe. Idan ya yi rawa, sake masa zama. Kada ka jingina tulin a gilashin baya ko na gefe, ka bar tazarar da hannunka zai shiga. Wasu suna manne duwatsu da silikon. Idan za ka yi, ka tabbata na tankin kifi ne, wanda ba a sa masa maganin hana fumfuna ba, kuma ka manne biyu-biyu ko uku-uku kawai, domin ranar da za ka kama kifi ɗaya a tankin mbuna, sai ka fitar da kusan dukan duwatsun. Bayan an gama gini sai ka zuba yashi kewaye da su.

Ka kuma yi lissafin teburin da zai ɗauka. Ruwa, gilashi, yashi da duwatsu a tanki irin naka za su haura kilo 300.

Yadda za ka jera su ya danganta da kifin. Ga mbuna, dutse shi ne zaman lafiya. Namiji yana kai hari ga abin da idonsa ya gani, idan abokin faɗa ya sha kwana ya ɓace, yawanci sai ya koma gadin raminsa. Don haka aikin duwatsu shi ne su katse gani. Tuli ɗaya dogo daga wannan bango zuwa wancan yakan zama mallakar namiji ɗaya mai ƙarfi. Tuli biyu ko uku, da filin yashi a tsakaninsu, suna ba da iyakoki da kowa zai gane. Ka kai su aƙalla rabin tsayin tanki, ramuka su fi kifaye yawa, kuma yawancinsu su kasance masu ƙofa biyu, don wanda aka kora ya samu mafita. Rami mai ƙofa ɗaya tarko ne. Ka tuna da mace mai goyo: siklid na Malawi a baki suke renon ƙwai, kimanin mako uku mace ba ta cin abinci, tana buƙatar lungun da namiji ba zai dame ta ba. 'Ya'yan da ta saki kuma ba za su tsira ba sai akwai 'yan tsagogi da manya ba sa iya shiga, wanda tarin ƙananan duwatsu a kusurwa ɗaya zai samar.

Ga Aulonocara da manyan kifayen fili na Malawi, akasin haka ne. Duwatsu kaɗan a kusurwoyi biyu na baya, sauran wurin yashi da sararin iyo. Idan ka cika musu tanki da dutse ka tauye su. Masu zama a ƙoƙon katantanwa kuma ba su damu da dutse ba. A tafkin Tanganyika ƙoƙon wata katantanwa mai suna Neothauma suke amfani da shi, a tanki kowane ƙoƙo mai faɗin santimita 4 zuwa 5 ya wadatar, biyu ko uku ga kowane kifi, a kan yashi mai laushi da za su iya turawa su binne ko su tone yadda suka ga dama.

Itacen ado ka bar shi, yana sakin tsami da launin shayi, yana ja da abin da kake nema. Matatar da ake binnewa ƙarƙashin tsakuwa ma ba ta aiki da yashi, ba ta aiki da kifi mai haƙa. Bakin tiyon da ke zuƙar ruwa zuwa matata ya yi sama da yashi da santimita 10, ka kashe famfon matata duk lokacin da za ka motsa ƙasa. Idan kana goge gilashi da maganaɗisu, ka tsaya nesa da yashi, ƙwaya ɗaya ta shiga tsakani ta ja maka zanen da ba ya gogewa. Lokacin canjin ruwa, ka riƙe tiyo ɗan sama da yashin kana kaɗa shi, datti zai taso yashi ya zauna, sannan ka bi da yatsu ka motsa wuraren da kifi ba sa haƙawa.

Da ni ne da tankin nan naka kuma mbuna zan sa, zan ɗauki kilo 25 na yashin matatar wurin ninƙaya, da mulmulallun duwatsun rafi masu launi ɗaya kilo 40 zuwa 50, daga mai girman dunƙulen hannu zuwa wanda sai da hannu biyu, in yi tuli biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma. Murjani kuma sai sakamakon gwajin ruwan famfo ya nuna ana buƙatarsa, sannan in sa shi a matata. Ka auna ruwan naka, ka yanke shawarar kifin da kake so, idan ka turo min pH da KH da sunayen kifayen zan gaya maka ko akwai abin da za a canza.